Fushinmu da 'yan Sin: wa ya sa hannu a takardar?

Assalamu alaikum Malam Edita.

Ni baduku ne a nan Damagaram, wajen baba na gaji sana'ar, saboda haka zancen kayan Shinuwa ba labari ake ba ni ba. Takalmin fata da nake kwana biyu a kanshi mutum zai ɗauka ya juya ya shinshina ya ce kai ya yi kyau, sannan ya shige kasuwar Dole ya sayi na roba wanda ko Sallah ba zai kai ba. Ban ga laifinshi ba, aljihu ne.

Amma abin da na gani rannan ya tsaya min a rai. Wani ɗan Sin ya tsaya sayen kankana, yara suka bi shi da ihu har da mai jifa, manya na zaune ba wanda ya tsawata, wani ma cewa ya yi gara a kore su duka.

Fushin akwai dalili, ban musa ba. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a hanyar Tanut, ganga 20,000 a rana, kamfanin man Sin, CNPC, na da kashi 60 mu 'yan Nijar 40, an ja bututu kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin man Agadem har gaɓar teku a Benin, amma a watan Maris na 2025 mu da matata ke bakin ƙofarmu muka sha layin esansi, kuma a watan ne gwamnati ta kori manyan Shinuwa uku na kamfanonin man kan bambancin albashi tsakanin nasu da namu. Wannan ya yi daidai.

To amma wa ya sa hannu a kwangilolin nan? Kuma takalman roba ai ba da ƙafarsu suka zo ba, alhazanmu ne ke zuwa Guangzhou su ciko kwantena.

Ina tsoron zanga-zangar da ba ta san inda ta dosa ba, don mun ga Janairun 2015 a garin nan, an fito da fushin gaskiya kan zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) aka ƙare da ƙone coci-coci da asarar rayuka, maƙwabtanmu ne suka kwana a ciki. In za a fito a ce a karanta mana kwangilar mai a rediyo da Hausa, a faɗa mana yaranmu nawa ke riƙe da manyan muƙamai a matatar, wallahi zan rufe rumfa in shiga sahun gaba. Amma jifar mai sayen kankana, ba da ni ba.

Naka,
Wani baduku, unguwar Birni, Damagaram