Tsibiran ne suka ba kanari suna, ku gyara

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Abin da mai gabatar da shirinku na ranar Asabar ya faɗa, cewa an kira Tsibiran Kanari da wannan suna saboda yawan kanarin da ke cikinsu, ba haka yake ba, kuma ya ɓata min rai ƙwarai. Ya juya zancen ne gaba ɗaya. Tsuntsun ne ya ci sunan tsibiran.

Tun ina yaro nake kiwon kanari. Na san yadda namiji ke kumbura maƙogwaro in ya kama rera kuka da sassafe, har ka ga gashin wuyansa na rawa, na kuma san yadda yake yin tsit lokacin zubar gashi, ya bar ka da tsintar ƙananan gasu a ƙasan keji. Son da nake masa ne ya sa na bi diddigin sunansa. A harshen Latin, kare shi ne canis. Marubucin nan na Rum, Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya kawo labarin mutanen da Sarki Juba na biyu, wani sarki na arewacin Afirka a zamanin dā, ya tura can, suka tarar da manyan karnuka a ɗaya daga cikin tsibiran, aka kira shi Canaria. Daga baya sunan ya game sauran tsibiran, waɗanda ke Tekun Atlantika daura da Maroko, a ƙarƙashin mulkin Sifaniya. Da Turawa suka fara kai tsuntsun ƙasashensu, sai suka kira shi da sunan inda ya fito. Masana kan yi musu a kan karnukan nan, amma ba a kan wanda ya riga wani samun suna ba.

Abin da ya fi min ciwo, ɗana da na koya wa wannan da bakina ya dube ni ya ce, "Baba, ai rediyo ta ce ba haka ba ne." Me zan ce masa? Yaro ya fi yarda da ku a kan ubansa. Don Allah ku fito a shirin gaba ku gyara da bakinku, yadda kuka faɗa da bakinku.

Sannan ku duba maganar tallace-tallacen da kuke cusawa a tsakiyar hira. Baƙo na cikin bayani sai a datse shi, ga ƙarar tallar ta fi ta shirin nesa ba kusa ba, sai mutum ya tashi ya rage murya.

Naku,
mai sauraronku kullum.