Wasiƙar Godiya ga Ɗakin Karatu na Cadbury, Jami'ar Birmingham

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ɗakin adana tsofaffin takardu na Cadbury Research Library,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne domin in gode muku a bainar jama'a saboda hidimar da kuka yi mini lokacin da nake bin diddigin yaƙin da 'yan mishan da wasu shugabannin ƙasa suka yi da cinikin barasa a bakin kogin Kwara da kudancin Najeriya. Takardun ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wato CMS (Church Missionary Society), da ke hannunku suna da yawa ƙwarai, baƙo kuwa ba ya gane kansu sai da ɗan gari. Ma'aikatanku sun amsa tambayoyina tun ina gida, suka nuna mini yadda aka jera wasiƙun Mishan ɗin Neja, wato reshen CMS na yankin kogin Kwara, sannan suka yi haƙuri da ni a kan rubutun hannu mai wuyar karantawa.

Abin da ya kai ni gare ku shi ne wasiƙar da Etsu Nupe Maliki ya aika wa Bishop Samuel Ajayi Crowther a shekarun 1880, inda ya roƙe shi ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila domin a daina shigo da barasa ƙasarsa, tunda tana lalata masa talakawa. Sarki Musulmi ya nemi taimakon bishop Kirista, bishop ɗin da abokan aikinsa kuma ba su yi watsi da kukan ba, har masu yaƙi da giya a Ingila suka riƙa kafa hujja da wasiƙar. Takardunku sun nuna mini irin zamanin da aka rubuta ta: jiragen ruwa na sauke akwatunan barasa mai arha daga Hamburg da ƙasar Holan, har kwalba ta zama kuɗin ciniki a wasu kasuwanni. A 1887 aka kafa kwamitin haɗin gwiwa a Landan domin yaƙi da wannan fatauci, a 1890 kuma yarjejeniyar Brussels ta ba da damar haramta shi a yankunan da bai riga ya yi saiwa ba, wadda a kanta aka tsaya wajen hana shigo da barasar Turai Arewacin Najeriya.

Na fi yaba muku a kan cewa ba ku tsaya ga nuna mini labarin nasara ba. Kun kai ni ga bayanan Bishop Herbert Tugwell, wanda mu mutanen Zariya muka sani da tafiyarsa zuwa Kano a 1900 tare da Dokta Walter Miller, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa an maka shi kotu a Legas a 1899 saboda abin da ya rubuta a jarida game da shaye-shayen Turawa. Haka kuma kun ja hankalina ga kwamitin binciken cinikin barasa a kudancin Najeriya na 1909 a ƙarƙashin Sir Mackenzie Chalmers, wanda bai gamsu da hujjojin 'yan mishan ba. A ganina dalilin bai ɓuya ba, domin harajin barasa na daga cikin manyan hanyoyin shigar kuɗin gwamnatin mulkin mallaka ta kudu, kuma ba a sa kura ta yi gadin akuya. Su ma 'yan mishan ɗin wani lokaci sun zuzuta magana fiye da shaidar da ke hannunsu, takardun nan ba su rufa musu asiri ba.

Ya dace ƙwarai a ce sunan Cadbury ne a kan ƙofarku, ganin cewa John Cadbury, wanda ya buɗe shagonsa a Birmingham a 1824, mai yaƙi da shan giya ne da ya riƙa sayar da shayi da koko a madadinta.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa aikinku albarka.

Naku cikin girmamawa,
Malamin tarihi daga Wusasa, Zariya