Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Maraɗi: Hausa ba ta shiga biro ba tukuna

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. Mun yi murna a Maraɗi. Sai dai har yau Hausar nan a bakin ƙofar biro take cire takalmi.

Kwanan baya gwaggona ta zo daga wani ƙauyen Mayahi neman takardar haihuwar jikanta, don lakwal ta ce ba zai zauna jarrabawa ba sai da ita. Na raka ta. Ma'aikacin ɗan gari ne, ya gaishe ta da Hausa har da tambayar damina, sannan ya miƙo takarda Faransanci zalla. Ni kaina a aji huɗu na bar boko. Muka fito gindin dogon yaro wurin mai tebur, ya cika mata, ya karɓi dala ɗari. Ta dangwala yatsa kan abin da ba ta san me ya ce ba. Matar nan ta sauke Alƙur'ani, bashin ƙuliƙulinta ma da ajami take rubuta shi, amma a idon takarda jahila ce.

Kada a ce rashin Faransanci ne kawai. Alhajin da ke fatauci ta Ɗan Isa shi ma ba ya ji, amma yaronsa yake aikowa, ko ya buga waya, kafin shayi ya huce an gama. Bayanmu kuwa wata Bafulatana ce daga wajen Bermo, da goyo, maigidanta ya yi nisa da shanu. Hausarta ta ciniki ce, ta nono da man shanu. Ga talauci, ga ƙauyanci, ga zama mace, ga harshe biyu tsakaninta da haƙƙinta. Har muka tafi bayan azahar tana kan benci. Mu Hausawa mu yi hattara, kada harshenmu ya zame wa Fulani da Buzaye abin da Faransanci ya zame mana.

Ranka ya daɗe, masu aikin ba su yi ƙaranci ba. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, ga kuma ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan cikin gari. A fassara takardun haihuwa, na fili da sammacin kotu zuwa Hausa, boko da ajami. A ɗauki tafintan Fulatanci da Buzanci da albashi, musamman a Dakwaro da Bermo, a sa mata a cikinsu, don akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji baƙo ba. A kuma hana kowa dangwala yatsa sai an karanta masa takardar da harshen da yake ji.

Allah ya ja zamaninka.

Wani talakanka daga unguwar Zariya, Maraɗi.