A saurari waƙar biki kafin a kunna ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da iyayen biki, musamman mu mata, tunda kamu da wuni da dina duk a hannunmu suke.

Mako uku ke nan da muka aurar da 'yar ƙanena a nan Tudun Wada. Gidan mai mata ta shiga. Uwargidan mutuniyar kirki ce, da ita aka haɗa lefe, ta ɗinka anko, ta zo dina da ƙannenta da 'yarta mai shekara 12, aka zaunar da su a teburin gaba. Amarya na shigowa sai mai DJ ya saki waƙar habaicin kishiya, irin waɗanda ake gaya wa ta ciki cewa zamaninta ya wuce. 'Yan mata suka ɗauki shewa, liƙi ya kankama. Ni kuwa idona na kan baiwar Allahn nan. Ba ta ce uffan ba. Ta bari waƙar ta ƙare, ta kama hannun yarinyarta suka fice. Yau tsakar gida ɗaya suke sharewa da amarya, amma in ban da "ina kwana" babu abin da ke haɗa su.

Da na tare yaron nan mai DJ a bakin ƙofa sai ya ce, "Wallahi Hajiya ita ake yayi, duk bikin da na je sai an ce in sa." Ban ga laifinsa ba. Bai san gidan ba, bai san wa ke zaune a gaba ba. Laifin namu ne. Wata biyu muka yi muna zama a kan launin anko da mai girki da mai lalle, amma ko mutum ɗaya bai ce a kawo waƙoƙin mu ji ba.

Na san za a ce habaici ba yau aka fara shi ba. Haka ne. Da amada muka tashi, kuma duk wanda ya saurari marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ya san maganar kishi ba baƙuwa ba ce a kiɗan ƙwarya. Sai dai mai amada mutum ce mai ido. Kafin ta kifa ƙwarya a ruwa ta riga ta tambayi wace ce uwar ango, wace ce uwargida, wa aka yi wa rasuwa kwanan nan. In ta ga fuska ta sauya, nan take ta karkata baitin zuwa yabo. Mai kalangu ma in ya hango dattijo ya shigo yakan sassauta hannu. Kuma amada a cikin gida ake yi, mata zalla, abin da aka faɗa a nan yake tsayawa. Waƙar da ke cikin kwamfuta ba ta ganin kowa, ga lasifika har unguwa ta uku, ga wayoyi hamsin suna ɗauka, kafin asuba ta hau TikTok da fuskar wadda aka ci wa mutunci.

Abin ya fi yi mini ciwo da yake a Zazzau muke, inda kowa ya san tambari da kakaki na fada ne, ba a buga wa kowa, mandiri kuma na bege ne. Mun gaji sanin cewa kowane kiɗa da wurinsa.

Sannan garin nan na kowa ne. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da wuya ka yi biki babu baƙi daga Samaru ko Sabon Gari masu wani yare. Sa musu waƙarsu karamci ne, amma a fara samun mai jin yaren ya faɗi abin da take cewa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Saura mako guda, a kira mai DJ gida, babba ɗaya daga dangin ango, ɗaya daga na amarya, a saurari kowace waƙa daga farko har ƙarshe, a ware ta shigowar amarya da ta iyaye da ta ƙawaye, a ce masa kada ya ƙara ko ɗaya, ko wa ya roƙa. Waƙar da ake bugo wa ango da amarya a situdiyo ita ta fi buƙatar kunne, don na ga inda aka jero sunayen dangi kaf aka tsallake matar uban da ta raini amarya. In an kira Magariba kuma a kashe.

Bayan Babbar Sallah zan aurar da autata, in Allah ya kai mu. Jiya na sake zuwa na ba uwargidan nan haƙuri, na kuma roƙe ta ta zo ranar da za mu zauna sauraren waƙoƙin. Ta ce za ta yi shawara.

Wassalam,
Gwaggon amarya,
Tudun Wada, Zariya.