Wasiƙa Zuwa Ga Abokina Kan Ciwon Muƙamuƙi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san abin da za ka fara faɗa, cewa na yi ɓatan dabo, kuma da gaskiyarka. Saƙonka yana nan, na karanta ya fi sau uku, kullum in ce gobe zan zauna in ba ka amsa mai tsawo, har ga shi wata bakwai. Ka yi haƙuri. Dama akwai tambaya a bakina: yaya aka ƙare da maganar canjin wurin aikin nan naka? Sun amince, ko har yanzu suna ja maka rai? Amma abin da ya hana ni ƙara kwana ban rubuto ba shi ne layin nan da ka saƙala a ƙarshe, inda ka ce uwargida na fama da ciwon kunne, an duba an ce kunnen lafiya lau. Jiya da na sake karantawa sai da gabana ya faɗi, don ta nan nawa ya fara.

Ka tuna zamanin da muke ɗaki ɗaya, kana cewa cikin dare kamar ɓera na cin katako a gadona? Ashe haƙorana nake gurzawa, kuma ban daina ba duk shekarun nan. Bara abin ya tsananta. In na tashi da safe sai in ji kumatuna sun gaji kamar na kwana ina tauna, gefen kaina na sarawa, kunnen dama na min zugi. In na yi hamma, sai wani ƙas! a gaban kunne, har maman yara na jiyowa daga inda take zaune. Sau biyu ana ba ni maganin ɗigawa a kunne, a banza. Sai wata safiya na tashi bakin ya ƙi buɗuwa yadda ya kamata, da ƙyar yatsu biyu ke shiga. Wallahi ranar na tsorata. Shi ya sa na yi shiru, mutumina, ko magana mai tsawo a waya ta zame min aiki.

Wani likitan kunne ne, Allah ya saka masa, ya leƙa ya ce babu komai a ciki, sannan ya ɗora yatsa a gaban kunnen ya ce in buɗe baki. Yana dannawa na zabura. Ya ce tafi wajen likitan haƙori, gaɓar muƙamuƙinka ce. Daga baya na ji ashe tsohon ruɗani ne wannan. Tun 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya rubuta cewa wasu masu kukan kunne matsalarsu a muƙamuƙi take, har aka daɗe ana kiran ciwon da sunansa. Gaɓar na manne da ramin kunne, jijiyoyinsu kuma sun haɗa hanya, shi ya sa jiki ke nuna maka kunne alhali ba can wutar take ba.

Gwada yanzu da kake karantawa, na san sai ka gwada ko ban ce ba. Sa yatsu a gaban kunnuwanka biyu, ka buɗe baki a hankali. Za ka ji kan ƙashi ya juya, sannan ya zamo gaba. Gaɓa ce mai aiki biyu, juyawa da zamewa, kuma guda biyu ne a jikin ƙashi ɗaya, ta dama ba ta motsi sai da ta hagu. Tsakanin kan ƙashin da ƙoƙon kai akwai wani ɗan faifan guringuntsi, kamar matashi. In ya goce gaba, buɗe baki kan sa kan ƙashin ya haye shi, wannan ne ƙarar da ake ji. In ya tokare hanya ya ƙi komawa, sai bakin ya kulle. Likitar haƙorin da na je wurinta ta ce ƙara kaɗai, in babu ciwo, mutane da yawa na da ita kuma ba ta buƙatar magani. Nawa dai an haɗa biyu, faifan ya ɗan goce, tsokokin tauna kuma sun gaji da aikin dare. Ta auna buɗewar bakina da ɗan ma'auni. Ta ce lafiyayyen baki kan kai milimita 40 ko fiye, kusan yatsu uku a jere a tsaye, nawa ko 30 bai kai ba.

To nan aka zo maganar abin da nake kwana da shi yanzu. Su sifilint suke ce masa, ni robar haƙora nake cewa, ko da yake ba ta da laushi ko kaɗan. Akirilik ce mai tauri, garai-garai kamar gilashi, kaurinta wajen turame bai wuce milimita biyu ba, ta rufe haƙoran sama gaba ɗaya. Irin wadda aka yi min ana danganta ta da Jami'ar Mishigan ta Amurka, inda likitoci biyu, Ramfjord da Ash, suka yi fice da ita. Ba a sayenta a shirye. Sai da aka cika wani ɗan cokali mai siffar baki da wani abu mai danƙo, aka danna min a haƙora har ya daskare, sama da ƙasa, aka kuma ɗauki yadda cizona ke haɗuwa. Wasu wuraren ma yanzu ƙaramar kyamara ake zagayawa da ita a baki, kwamfuta ta zana haƙoran. Da wannan zubin aka ƙera tawa, ba za ta shiga bakin kowa ba sai nawa.

Ranar da na je karɓa na zaci miƙo min za a yi in tafi. Ina! Kusan awa guda muka yi. Ta sa min ita, ta saka wata siririyar takarda mai shuɗi ta ce in ciza, in goga hagu, in goga dama. Ta cire, ta duba inda shuɗin ya fito, ta kankare wurin da ya yi tudu, ta mayar. Haka muka yi ta yi har sai da haƙoran ƙasa suka riƙa sauka a kanta lokaci ɗaya, babu wanda ya riga wani. Ƙasanta sumul yake, don muƙamuƙi ya zame yadda ya so ba tare da haƙori ya sarƙe da haƙori ba. Ka lura fa, robar ake kankarewa, haƙorina ko ɗaya ba a taɓa ba. Bayan mako biyu na koma aka sake gyarawa, don in tsokoki suka saki, cizon kan ɗan canza. A ganina wannan zaman gyaran shi ne rabin maganin.

Kai kuwa na san ka, da kai ne da tuni ka tashi daga kujerar ka ce ai ta zauna, kamar yadda ka yi da mai gilashin ido har ka shekara kana ganin bene a karkace. Har yanzu shi kake sawa?

Kwanakin farko ba daɗi. Yawu ya yi ta taruwa, magana ta koma ta mai tsamin baki, dare biyu ina farkawa in tarar na cire ta ban sani ba. Wajen mako guda na saba. A mako na uku ne na tashi wata safiya, har na gama shiri ban tuna da kaina ba, sai can na lura babu sarawar. Na zauna bakin gado na yi ta hamdala. Yanzu yatsu uku na shiga, ƙarar na nan jefi-jefi amma ba zafi. Abin da ya fi girgiza ni shi ne da na duba robar bayan wata uku, na ga layuka sun kwanta a jikinta inda fiƙoƙina ke gurza. Abu mai taurin nan! Shekara da shekaru haƙorana ne ke shan wannan.

Af, kafin in manta, mutumin naka mai gardama ya zo wancan makon. Ya ga ɗan akwatin a kan tebur, ya rantse haƙoran roba na sa ina ɓoyewa, sai da na buɗe baki ya ƙirga. Ya yi ƙiba, ya bar gemu, kuma har yau bai dawo da littafinka ba, ya ce ma kai ka ba shi kyauta. Autarmu kuwa ta gama karatun jinya, sakamako ya yi kyau ƙwarai, tana ta cika baki wai yanzu ita ce likitar gida. Yaya na gaishe ka, ya ce ka cika alkawarin hoton yaran.

In koma kan maganarmu, kada ka ɗauka ina ce maka robar nan laya ce. Likitar da kanta ta ce ba ta hana gurzar haƙora, tana tare ɓarnar ne, tana kuma ba tsoka da gaɓa sauƙi a wajen wasu. Masana ma ba su haɗu a kanta ba. A 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta Ingila ta fitar da shawarwari kan ciwon muƙamuƙi da ya wuce wata uku, ta fifita motsa muƙamuƙi ƙarƙashin kulawar masani, da tausar tsoka, da koyon sarrafa damuwa, robar kuwa ba ta sa ta a sahun gaba ba, har ta karkata ga cewa kada a dogara da ita. Na yarda da su a wani ɓangare, don ni ma ba ita kaɗai ta yi min aiki ba. Amma wanda ke ci wa haƙoransa mutunci kowane dare irina, ko don kare haƙoran ta cancanci zama a baki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin rana. Ta tambaye ni, yanzu da kake zaune, haƙoranka a haɗe suke? Na duba, a haɗe gam. Ta ce ai ba haka aka yi su ba. Leɓɓa a rufe, haƙora a ware, harshe na hutawa a ganda bayan haƙoran sama. Haƙora ba sa haɗuwa sai wajen tauna da haɗiya, mintuna kaɗan ke nan a yini. Ni kuwa ina tuƙi a cije, ina gaban kwamfuta a cije, musamman watannin da aiki ya rikice mana, ka san labarin. Na manna ƴar takarda a jikin allon kwamfutar, duk sanda idona ya kai sai in saki. Na bar cingam da cizon biro, na daina maƙale waya tsakanin kafaɗa da kunne, na daina kwanciya rub da ciki. Lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa abu mai laushi nake ci, ƙananan loma, in tauna ta ɓangare biyu. Da dare tsumma mai ɗumi a kumatu minti goma sha biyar. In hamma ta zo, in tallafe haɓa da hannu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don na san halinka na likitan kai. Kada ka je ka sayo wa uwargida irin robar nan ta kwali, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza. Na gwada kafin in ga likita. Laushinta ya sa na kwana ina taunarta, na tashi ciwon ya ƙaru. Akwai kuma ƙanana masu rufe haƙoran gaba kawai. In aka daɗe ana sa su babu mai dubawa, cizo na iya canzawa, mutum ya wayi gari haƙoran gaba ba sa haɗuwa. Akwai wata kuma mai turo muƙamuƙi gaba, ita ma sai da sa idon likita sosai. Ko tawa an ce da dare kawai, ba yini da kwana ba. Sannan duk wanda ya ce zai fara da kankare mata lafiyayyun haƙora, ko ya yi musu hula, ko ya yi tiyata don wai ya daidaita cizo, ku nemi ra'ayin wani likitan tukuna. Tun 1996 taron masana da Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta kira ya ba da shawarar a fara da magungunan da za a iya janyewa. Roba in ba ta yi ba sai a cire a ajiye, haƙorin da aka kankare kuwa ba ya tsirowa. Kuma yawancin masu ciwon nan suna samun sauƙi da ƙananan matakan nan da ɗan haƙuri.

Ka gaya wa likitan in tana minshari ko numfashinta na ɗaukewa cikin barci, don wannan na iya canza irin robar da za a yi mata. Ko da yake a gidanku mun san mai minsharin, bango ma shaida ne.

Ban ce lallai ciwonta irin nawa ba ne, likita ne zai faɗa. Sai dai ciwon ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai. Ka tambaye ta ko ciwon na ƙaruwa in tana tauna, ko ya fi tsanani da safe, ko tana jin ƙara in ta buɗe baki. Kai ma ka kasa kunne cikin dare, tunda ka ƙware a jin ɓera. In an yi mata robar, ta wanke da burushi da ruwan sanyi kowace safiya, ruwan zafi na lanƙwasa ta, ta bar ta ta bushe kafin ta rufe a akwatinta, ta kuma goge haƙora kafin ta sa. In ta ji wani haƙori na ciwo ko cizonta ya canza, ta koma a gyara, kada ta daure.

Dare ya yi, maman yara na ta miƙo min akwatin. Tana gaida uwargida, ta ce ta kira ta su yi maganar da kansu, wai mu maza ba ma iya kwatanta ciwo. Ka shafa min kan yaran. Ka rubuto da zarar kun ga likitan, ina jira.

Naka har kullum,
abokin ɗakinka na da.