Mutane sun ƙaru, hanyar tana nan jiya i yau

Assalamu alaikum aminina,

Da fatan kana lafiya, ya iyali ya Kumasi, ya kuma haƙuri da zaman nesa. Saƙonka ya iso, kana tambaya wai yanzu garinmu ya kai mutum nawa kuma in ka tashi zuwa ta ina za ka bi. To wallahi ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Maganar yawan mutane dai tun ƙidayar 2006 ba a sake ƙirga mu ba, wadda aka ce za a yi a 2023 ɗin ma ka san ɗage ta aka yi. Yaron da aka haifa shekarar da malaman ƙidaya suka zo suna dangwala mana tawada a yatsa yanzu wani har ya yi aure. Amma ido ma ma'auni ne. Filin da muke buga ƙwallo bayan makarantar firamare duk ya zama gidaje, ranar Juma'a sahu har gindin tsamiyar nan yake kaiwa, rijiyar burtsatse kuwa tun asuba yara suke jera jarkoki. Sai dai da an gama girbi garin ya yi shiru, samari duk sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas, wasu acaɓa wasu ga-ruwa, a bar tsofaffi da mata da ƙananan yara.

Hanya kuwa ita ce dai burjin da ka bari, daga bakin kwaltar Gumel zuwa cikin gari. Da rani yashi ya riƙe mota, da damina taɓo, kwalbatin kwarin nan tun ambaliyar 2022 ruwa ya cinye gefensa. Mota ba ta shigowa sai akori-kura ranar Alhamis saboda kasuwar Maigatari, a loda awaki da buhunan riɗi da zoɓo mutane su hau kai. Sauran ranaku sai babur, shi ma tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin ya ninka, manomi in ya lissafa kuɗin kai buhu bakin titi sai ka ga ya haƙura ya sayar wa ɗan kasuwar da ya biyo shi har gida a farashin da ya ga dama.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne daminar bara, matar ƙanena naƙuda ta kama ta cikin dare ana ruwa, babu ɗan acaɓar da zai iya haye kwarin. Amalanke muka ɗaura wa shanu muka shimfiɗa katifa, muka lulluɓe ta da leda, ni ina gaba da tocilan ina laluben inda ƙasa ba ta zabtare ba, iya tana riƙe da kanta tana ta salati. Sai da aka kira assalatu muka kai kwalta. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma har yau in hadari ya haɗo gabana faɗuwa yake.

Kuma abin takaici ga dogon jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru nan ta Gagarawa da Malam Madori tun 1930, da shi kakanninmu suke tura gyaɗa. Sabon na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ta Kazaure da Daura ya bi, ya yi mana nisa.

Yanzu dai mun zauna da dagaci an yanke za a yi gayya bayan sallah, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa a sayi siminti da tifar marmara a gyara kwalbatin kafin ruwa ya sauka. Don Allah ka faɗa wa 'yan garinmu da ke can, ko buhu ɗaya ne ya taimaka. In za ka zo ka daidaita ranar Alhamis, ka kira ni daga Gumel zan tare ka a bakin titi.

Ka gaida uwargida da yara, iya ma tana gaishe ka.

Naka amini.