Zanen kango ba ado ba ne kawai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan tsofaffin zane-zanen Turawa masu kangaye, inda marubucin ya ce ado ne kurum na falon masu kuɗi. Ban yarda ba, kuma ina da hujja.

A duba aikin Thomas Cole, haifaffen Ingila da ya zauna Amurka. Tsakanin 1833 da 1836 ya yi zane biyar na wuri guda, wani attajirin New York, Luman Reed, ya biya shi. Na farko daji ne da mafarauta. Na biyu ne ya fi kama mini zuciya. Ga wani dattijo zaune yana zana lissafi a ƙasa da sanda, ga mace da mazarinta, can baya kuma ana busa ana rawa. Ilimi da nishaɗi suna zaune a fili ɗaya, babu mai danne wani.

A na uku wurin ya zama birnin marmara, cike maƙil da jama'a, giwa na jan keken sarkin yaƙi a kan gada. Hikima tana nan, amma ta koma gunki: Minerva, wadda Rumawa suka ɗauka uwar hikima, an kafa ta can sama ana shagali a ƙarƙashinta. A ganina nan ne mai zanen ya ajiye maganarsa. Bai ce jin daɗi laifi ba ne. Cewa ya yi idan aka ɗauke ilimi daga hannun mai aiki da shi aka mai da shi abin kallo, to sai abin da ya biyo baya, wato zane na huɗu, wuta da yaƙi da gada tana ruftawa da mutane. Na biyar kufai ne, ginshiƙi guda ya rage, tsuntsuwa ta yi sheƙa a kansa.

Wanda yake neman adon falo ba zai ɓata shekara uku yana rusa birnin da ya gina da hannunsa ba.

Roƙona shi ne ku buga hotunan biyar a jere, manya yadda za a ga dattijon nan da sandarsa. Suna ajiye a New York, kuma ana samunsu a intanet. Masu karatu su yanke hukunci tsakanina da marubucinku.

Na gode.
Mai karanta jaridarku, daga Zariya